Sarakuna Huɗu, Alkyabba Ɗaya

Ina da wani ɗan aibi da matata Biba ta daɗe da haƙura da shi: duk abin da aka tambaye ni, daga Rum nake faro amsa. Ko tsadar tumatir aka yi mini kuka, sai na bi ta kan wani sarkin Rum da ya taɓa ƙayyade farashin kaya kafin in iso kasuwar unguwarmu. Laifin karatu ne. Ƙuruciyata duka a kan marubutan tarihin ƙarshen daular Rum ta ƙare, mutanen da suka zauna suna rubutu gida yana ci da wuta a kansu. Na yi digirin dokta a kansu, na fitar da maƙaloli da mutum uku suka karanta, biyu daga ciki don su ƙaryata ni. Yanzu ina wani ofishi a unguwar Ulaya da ke birnin Riyad, ina fassara takardun kwangilar na'urar sanyaya ɗaki.

Ni mutumin Zariya ne, amma Biba 'yar Maraɗi ce, shi ya sa ƙungiyar ma'aikatan Nijar da ke Riyad ta ɗauke ni nata, ko in ce tafintanta. Direbobi ne da masu wankin mota da masu gadi, rabi Maraɗawa, rabi Damagarawa. Tun kafin in zo ƙasar Alhaji Sha'aban ne shugaba. Idan wani ya kwanta asibiti, ko ya rasu, ko kafilinsa, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ya riƙe masa fasfo, Alhaji ke zuwa. Yana da wata alkyabba irin ta Larabawa, ruwan ƙasa mai bakin zinariya, da yake yafawa in zai je irin wannan roƙo. Ba ita ke magana ba, amma in babu ita ba a ba ka kujera.

Da tsufa ya zo, Alhaji ya ce zai yi fitar da ba dawowa, ya koma Maraɗi bakin gulbi ya noma kabeji. Na kusa yin hawaye, domin Diyokilishiyan, sarkin Rum da ya ajiye mulki da kansa, shi ma kabeji aka ce ya koma nomawa. Ya kira ni ɗakinsa a unguwar Shumaisi, ya zuba mini shayi.

"Dokta, in na ba Bamaraɗe, Damagarawa za su fasa ƙungiya. In na ba Badamagare, 'yan garinmu ko jana'izata ba za su zo ba. Kai da ka karanta duniya, yaya magabata suka yi?"

Mai hankali cewa zai yi bai sani ba. Ni kuwa sai na gyara zama. Na gaya masa yadda wancan sarkin ya ga daula ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ya raba ta wa huɗu: manya biyu, ƙanana biyu masu jiran gado.

"Kuma abin ya yi?"

"Ya yi, Alhaji," na ce. "Muddin yana nan." Wannan ƙarshen a cikin kofin shayi na faɗe shi.

Haka aka tsara. Babban Damagaram shi ne Oumarou, shugaban masu wankin mota, mutum ne da wuyansa ya fi cinyata kauri. Babban Maraɗi Rabilu, mai gadi a wani kamfani. Ƙaramin Damagaram wani ne da ya ji labari ya ce ba shi da lafiya, kuma har yau ina ganin shi ya fi mu duka fahimtar tarihi. Ƙaramin Maraɗi kuwa Saidou ne, ƙanen Biba.

Saidou direba ne, irin mutanen da in ƙofa ta buge su sai su ba ta haƙuri. Ya sha wahalar shekaru a hannun wani kafili mai tashinsa ko da wane lokaci, sai ga shi ya samu aiki a wani kamfani a Ulaya. An shigar da takardun mayar da iƙamarsa, wato izininsa na zama da aiki, zuwa sabon wurin, amincewa kawai ake jira. A irin wannan tsakani, in sunanka ya shiga wurin shurɗa, 'yan sandan ƙasar, a matsayin mai laifi, magana ta ƙare: sai tarhil, gidan da ake tsare masu jiran kora, sai jirgi, sai gida hannu wofi.

"Yaya Dokta, don girman Allah a cire ni," ya ce da ni. "Ni ko monita ban taɓa yi ba."

"Ƙaramin sarki ba ya yin komai, Saidou. Zama kawai yake yana jira."

Ranar Juma'ar bankwana Biba ta tare ni a bakin ƙofa. "Ka dawo mini da ƙanena yadda ka fita da shi," ta ce. "Kuma ka yi wa mutane shiru."

Ta makara. Na daɗe ina ba samarin ƙungiyar labarai bayan cin abinci, kuma wanda suka fi so shi ne na yadda sojojin Rum ke naɗa nasu sarkin in sun gaji da manya. Su kama mutum, su ɗora shi a kan garkuwa, su ɗaga sama, su yafa masa rigar sarauta. Shi kuma ya yi ta roƙo yana cewa ba ya so, domin haka al'adar take. Amma da rigar ta taɓa kafaɗarsa shi ke nan, ko ya ci yaƙi ko a kai kansa a kan mashi. Samarin kan ce in maimaita wurin mashin.

An kama hayar wata istiraha a bayan gari: fili mai katanga, da rumfa, da ciyawar roba, da wurin ninƙaya wanda babu ruwa a ciki. Aka kawo shinkafa da rago a manyan tire waɗanda sai mutum biyu ke ɗauka. Bayan la'asar Alhaji ya miƙe, ya yi godiya, ya nemi yafiya, ya kira sunayen sababbin shugabanni. Sannan ya cire alkyabbar daga kafaɗarsa. Ya dubi Oumarou, ya dubi Rabilu, ya juyo ya dube ni.

A nan na gane abin da na manta. Rum tana da masaƙa, tana iya ɗinka wa mutum huɗu. Mu alkyabba ɗaya gare mu.

Alhaji ya ninke ta a hankali, ya ajiye a kan wata farar kujerar roba. "Ku riƙe zumunci," ya ce. Ya shiga motar da za ta kai shi filin jirgi, domin da magariba jirginsa zai tashi. Muka bi shi da addu'a har ƙofa. Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba Oumarou ya miƙa hannu.

"Ni ne babba a shekaru."

Rabilu ya riƙe ɗaya gefen. "Sake ta, Oumarou. Rigar nan a kafaɗar Maraɗi ta tsufa."

"Kai mai buɗe wa mutane ƙofa, wa zai ba ka kujera? Ko ka sa ta ce maka za a yi buɗe get."

"Gara ni. Kai in ka sa ta soso za a miƙo maka."

Marin da Oumarou ya yi masa na ji shi a haƙorina. Rabilu bai faɗi ba. Ya sunkuyar da kai ya ɗirka masa shi a hanci, jini ya tsinke ya sauko kan farar jallabiyarsa har ciki. Wani daga bayan Oumarou ya ɗauki butar shayi daga kan gawayi ya wurga, ta fashe a ƙirjin wani dattijo Bamaraɗe da ya taso rabo. Ihun da dattijon ya yi shi ya ta da kowa. Kujeru suka fara tashi sama. Na ga mutumin da muka yi sallar Juma'a kafaɗa da kafaɗa da shi yana dukan maƙwabcinsa da ƙashin cinyar rago, yana yi yana kiran sunan uwarsa. Wani ya ture murhun, garwashi ya watsu a kan darduma, masu gudu babu takalmi suka bi ta kai. Oumarou ya kama Rabilu a ƙeya ya haɗa bakinsa da sandar rumfa, sau ɗaya, ya sake. Haƙora biyu suka faɗo cikin shinkafa.

Marubucin da na fi so a cikin mutanena, marubutan nan na Rum, soja ne, kuma shi da kansa ya rubuta cewa ranar da aka ci wani gari da yaƙi ta wata 'yar ƙofa ya sulale ya gudu. Shekaru ina yi masa uzuri a rubuce, amma sai ranar na fahimce shi. Ƙofar istirahar ta cika da masu kokawa, don haka na shige bayan firjin ruwa. Daga nan ana ganin komai. Masana suna kiran irin wannan wuri matsayin shaidar gani da ido.

Ina nan na ga samarin sun haɗu a gefe, Maraɗawa da Damagarawa tare, abin da Alhaji ya yi shekaru yana nema bai samu ba. Ɗaya ya zare alkyabbar daga ƙarƙashin ƙafafun manya. Biyu suka kifar da shinkafar wani tire a ƙasa. Saidou yana can jikin katanga da makullin mota a hannu, yana leƙe-leƙe, ni yake nema mu gudu. Suka yi masa caa.

"Sai Saidou! Ba ma son tsofaffi! Saidou kaɗai!"

Suka zaunar da shi a kan tiren, mai yana naso a wandonsa, suka ɗaga shi sama da kawunansu, suka yafa masa alkyabbar suka ɗaure igiyarta a wuyansa.

"Ku sauke ni!" yake ihu. "Wallahi ba na so! Iƙamata! Ku ji tsoron Allah, iƙamata!"

"Ƙyale shi," in ji wani mai wankin mota da ke riƙe da gefen tiren. "Dokta ya ce duk haka suke cewa!"

Oumarou ya juyo. Fuskarsa jini ne daga hanci har gemu. Ya fizge ɗaya daga cikin ƙarafan da ke riƙe da rumfar, gefenta ya rufto a kan mutane. Ya zo ya kwaɗa wa na gaban masu ɗaukar a gwiwa, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa. Tiren ya karkace, Saidou ya zamo ya faɗi da baya a kan siminti, tiren ya biyo shi yana ƙara. Sauran samarin suka watse, kamar yadda sojojin Rum suka saba yi a daidai wannan gaɓar.

Oumarou ya jefar da ƙarfen, ya kama alkyabbar ta baya ya ja. Igiyar ta shige wuyan Saidou. Ya ja shi a ƙasa kamar buhu, yana cewa, "Cire! Cire, ɗan direba!" Amma yana ja ƙullin yana ƙara tsukewa. Saidou ya sa yatsu yana neman raba igiyar da maƙogwaronsa, ƙafafunsa suna shure-shure, idanunsa sun firfito sun yi ja, harshensa ya fara leƙowa. Oumarou ya durƙusa a kansa ya sa masa gwiwa a ƙirji. Hannun Saidou ya yi ta lalube a ƙasa har ya samu bakin tiren. Ya kama da hannu biyu, ya ɗago shi da duk abin da ya rage masa.

Gefen tiren ya samu Oumarou a ƙasan kunne. Ƙarar ta yi kama da an rufe ƙofar gareji. Muƙamuƙinsa ya koma gefe guda. Ya tsaya a durƙushe kamar mai tunanin wani abu, sannan ya kife, jini yana bin tsagin siminti yana gangarawa wajen ramin ninƙaya.

Rumfar da ta rufta ta tsare wa yawancin mutane gani. Ni babu abin da ya tsare mini. Na fito daga bayan firji, na kwance igiyar da haƙorina, na jefa alkyabbar cikin ramin. Daga nesa muka ji jiniya, mai gadin wurin ya kira shurɗa. Duk wanda takardunsa ba su cika ba ya haura katanga, har da masu naɗin sarautar, suna jan mai karyayyar gwiwa. Kafin motocin su tsaya daula ta ragu zuwa masu iƙama mai rai.

A fagenmu an daɗe ana gardama. Tsofaffin masana sun ce daular Rum faɗuwa ta yi. Na zamani suka ce a'a, ba ta faɗi ba, sauya kama ta yi. Ni na kasance a ɓangaren na zamani. Da na tsaya ina kallon rumfa a ƙasa, darduma tana hayaƙi, dattijo yana zuba wa ƙirjinsa ruwa fata tana saɓulewa, sai na ji ina so in nemi afuwar tsofaffin.

Motar asibiti ta ɗauki Oumarou da dattijon. Oumarou yana numfashi amma bai san inda yake ba. Mu kuma aka kwashe mu zuwa ofishin shurɗa, aka jera mu a kan benci. Jami'in da aka ba mu matashi ne, mai ladabi, kuma a gajiye yake. Da ya ga ina jin Larabci sai ya ce in matso.

"Faɗa kowa ya yi, wannan na gani," ya ce. "Za ku sa hannu ba za ku sake ba. Amma akwai mutumin da aka fasa wa fuska, ƙila ya tashi, ƙila kada ya tashi. Suna nake so. In babu suna, dukanku kuna nan, kuma gobe zan kira kafilin kowa."

Na waiwaya. Saidou yana ƙarshen benci, ya ɗaga wuyan rigarsa yana rufe shatin igiya.

To, ga abin da na yi digiri a kansa. Mutanena ba sa ɗora wa mai rai laifi in yana kusa. Shi kansa sojan nan da rubutunsa ya iso zamanin sarkin da ke kan gado sai ya ajiye alƙalami, ya ce matasa su ƙarasa. Laifi na wanda ya mutu ne, ko na wanda ya ƙetare kogi ba zai dawo ba. Na saurara, na ji ana kiran sallar isha. Magariba ta daɗe da wucewa. Alhaji Sha'aban yana sama, da hatimin fitar da ba dawowa a fasfonsa, ya nufi inda takardar wannan ofishin ba za ta taɓa isa ba.

Na gyara murya na gabatar da maƙala mafi kyau a rayuwata. Na ce tsohon shugabanmu ne. Na ce zuciyarsa ba ta so barin mulki ba, Oumarou kuma ya gaya masa magana a gaban jama'a, ya ce ya tafi ya daɗe da isar mutane. Tsoho ya ɗauki tire ya maka masa, ya fita ya shiga mota, faɗan ya tashi a bayansa. Na ƙara da cewa kafin ya fita sai da ya tsaya ya nemi takalminsa ƙafa ɗaya da ya ɓace. Wannan ma daga mutanena na koya: ƙaramin bayanin da ba shi da amfani shi ke sa a yarda da babban.

"Tsoho ya fasa wa wancan ƙaton muƙamuƙi?" in ji jami'in.

"Dakon siminti ya fara yi a ƙasar nan, ranka ya daɗe. Ba ka ga hannunsa ba."

Ya ce in tambayi sauran ɗaya bayan ɗaya. Na juya na fassara musu tambayar, da ɗan ƙari.

"Yana tambaya wa ya bugi Oumarou. Na ce Alhaji ne. Alhaji yana cikin gajimare yanzu, babu mai taɓa shi, gobe war haka yana cin tuwo a gidansa. Wanda ke son kwana a nan ya faɗi wani suna."

Rabilu, da tsumma a baki, ya gyaɗa kai. Na kusa da shi ya ce, "Alhaji ne." Damagarawa suka dubi juna, suka tuna su ma suna da kafilai. "Alhaji ne." Haka ta bi benci har ta iso kan Saidou. Ya ƙura wa ƙasa ido.

"Yaya Dokta," ya ce a hankali, muryarsa a shaƙe, "mutumin nan shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan. A ɗakinsa na kwana."

"Kuma da yana nan da kansa zai ce ka faɗa. Biba tana jira, Saidou."

Hawaye suka zubo masa. "Alhaji ne," ya ce.

"Me ya sa yake kuka?" jami'in ya tambaya.

"Kamar uba yake a wurinsa. Dubi wuyansa, wajen rabo ya samu."

Jami'in ya girgiza kai da tausayi. Ya nemi cikakken sunan Alhaji da lambar fasfonsa. Ni na cika masa takardun fita, don haka hoton fasfon yana wayata, na miƙa. Ya shigar a na'ura, muka sa hannu, aka sallame mu. Sunan Saidou a layin shaidu ya fito.

Muka koma istirahar muka ɗauko mota. Ni ne na tuƙa, Saidou yana zaune a gefena. Ba zan ɓoye ba, wani daɗi nake ji a ƙasan zuciyata. Shekara da shekaru ana tambayata amfanin abin da na karanta, 'yan'uwana sun tambaya, surukaina sun tambaya, wani lokaci ni ma in tambayi kaina a gaban takardun na'urar sanyaya ɗaki. Ga shi yau na ɗauki yaƙin basasa guda, na rubuta shi yadda kowa zai koma bakin aikinsa, babu wanda aka kora, babu wanda ya yi asarar komai sai wani tsoho da ya yi asarar suna a ƙasar da ba zai sake takawa ba. Har na fara tsara yadda zan kira shi bayan kwana biyu in ba shi labari, mu yi dariya.

Jirgin Alhaji bai tashi da magariba ba. Matsalar inji aka samu, aka ce fasinjoji su jira zuwa safe. A zauren jira shurɗa suka same shi.